Ramin da Na Rufe a Bayan Ogba

Kun taso a gidan nan na Agege kuna jin labari ɗaya a kaina har kun haddace shi: ranar da babban inji ya kife a wurin aikinmu, babanku ne ya kutsa ƙarƙashin ƙarfe ya jawo Bitrus direba da ransa. Ke Hauwa, a sallar da ta wuce na ji kina ba 'ya'yanki shi a tsakar gida, kin ma ƙara masa gishiri. Ba ƙarya ba ne, na jawo shi. Amma rabin labarin ke nan, kuma rabin da ya fi daɗin ji. Ɗaya rabin mahaifiyarku Saude ce kaɗai ta san shi a gidan nan, Allah Ya jiƙanta. Tunda ta riga ni tafiya, ni ma ga jiki yana ta ba ni sanarwa, gara ku same shi daga hannuna.

A shekarar da abin ya faru ne aka ba ni muƙamin foman, wato shugaban leburori. Na daɗe ina jiransa. Na shigo Legas ban iya komai ba sai dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12, daga nan na koma lebura a kamfanin gini, na riƙe shebur, na tura baro, na ga yaran da na koya wa aiki sun wuce ni saboda suna da takarda. Ranar da manaja ya karɓi hular kwanona rawaya ya miƙo mini fara, ban sa ta a jaka ba. Da ita a kaina na shigo motar haya, danfo, har Agege, don 'yan unguwa su gani. Ina gaya muku wannan ne don ku san irin mutumin da nake a lokacin.

Aikin farko da aka danƙa mini a wani kwari ne mai fadama a bayan Ogba, inda za a gina babban sito. Ƙasar wurin laka ce, in ka soka gora sai ta nutse har ta kai hannunka. Irin wannan wuri ba a ɗora masa gini sai an huda ƙasa can ciki, an zuba ginshiƙan kankare da rodi har sun tarar da tauri. Injin da ke wannan hudar rigi muke ce masa. A kan sarƙa yake tafiya kamar katafila, da wani dogon ƙarfe tsaye a gabansa wanda ya ɗara benayen unguwar nan tsayi. Nauyinsa duk a sama yake. In ƙafarsa ɗaya ta ɗan zurma, ba ya jiran kowa. Saboda haka kafin ya shigo fili sai an yi masa dandamalin da zai taka, kuma wannan shi ne aikina. Mukan kankare baƙar lakar sama, mu shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri kamar darduma don kada tsakuwa ta nutse, sannan tifofi su yi ta zubo fasasshen dutse. Ba a zuba shi gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake bajewa, kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne har ya daina motsi, a sake zuba wani. Haka har ya kai kaurin da aka rubuta.

Mai duba wannan aikin wata injiniya ce Bayarbiya, sunanta Folake. In don shekaru ne, 'yar cikina ce. Kullum da safe takan ɗan rusuna ta ce mini Baba, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Wata rana na bar tifofi sun zuba da yawa don mu yi sauri, ta zo ta caka ƙarfe a ciki a gaban leburorina.

"Baba, wannan zubin ya yi kauri. Saman kawai rola za ta danne, ƙasan yana nan sakwaf. A kwashe rabi."

Na ce, "Injiniya, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

Ta ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa ba na so a ce aikinka ne ya kayar da inji."

Da ladabi ta faɗa, kuma gaskiyarta ce. Amma wani lebura ya yi dariya a bayana, kuma wannan dariyar na riƙe, ba maganarta ba. Muka kwashe rabi muka sake. Daga ranar na ƙudura a raina ba zan ƙara tambayarta komai ba sai abin da ya zama dole.

Bitrus kuwa kun san shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune a Abule Egba, shi ke tuƙa rigi. Mun yi aiki tare a wurare da dama kafin nan. Ranar Kirsimeti matarsa kan aiko mana da shinkafa da kaza, ranar babbar sallah mu aika musu da cinya. Yana da wata al'ada. Ba ya kunna inji a sabon wuri sai ya zaga dandamalin da ƙafa yana bubbuga dunduniya, sannan ya ɗago kai ya tambayi foman ko ƙasarsa ta yarda a hau.

Ranar Juma'a muka gama. Injiniya ta kawo wani faifan ƙarfe, aka riƙa danna shi a ƙasa da nauyin katafila wuri-wuri, tana kallon agogon awo tana rubutawa. Aka kafa fegi a gefuna aka ɗaura jan ƙyalle, don direba ya san iyakarsa. Ta sa hannu a takarda cewa dandamali ya yi. Kafin ta shiga mota ta tara mu ta ce daga yanzu ko ƙusa wani zai kafa a wurin nan, sai ya kira ta tukuna. Da yamma aka ɗora rola a tirela aka kai ta wani wurin aiki.

Ranar Asabar tun da hantsi sama ta buɗe. Kun san ruwan Legas in ya yi niyya. Na je in leƙa wurin, na tarar kusurwar gabas ta zama tafki, don katangar maƙwabta ta tare wa ruwa hanya. Hankalina ya tashi, na ga aikin makonni zai jiƙe ya lalace. Lambarta tana cikin wayata. Na ciro wayar ma, na duba sunanta, na mayar aljihu. Na ce a raina yanzu sai ta ce me ya sa ban lura da katangar ba tun farko. Akwai leburori uku 'yan Nijar da ke fake a rumfa, na kira su muka ɗauki diga da shebur, muka tsaga rami a kusurwar, daga inda ruwan ya taru har bakin lambatu. Zurfinsa ya wuce gwiwa. Da muka tarar da ƙyallen nan na ƙasa, ni da hannuna na sa wuƙa na yanke shi. Ruwa ya bi ya tafi, na tsaya ina kallo ina jin na yi dabara.

Ranar Lahadi muka koma don mu rufe. Babu rola. Dutsen da muka tono ya riga ya cakuɗe da laka, haka muka mayar da shi, muka tattaka da ƙafa, muka daddaka da bayan shebur. Na ɗebo tsakuwa mai tsabta na baje a sama, na share da tsintsiya. Ko ni da na haƙa sai na ƙura ido nake gane wurin.

Da na dawo gida da la'asar mahaifiyarku tana tankaɗen gari a ƙofar ɗaki. Ta dubi wandona.

"Malam, wace irin Lahadi ce wannan, da laka har cinya?"

Na ba ta labari yadda aka yi, ina jiran yabo. Ta ajiye rariya.

"Ka gaya wa yarinyar?"

"Ba sai na gaya mata ba. Gobe ina wurin, ni zan riƙa nuna wa Bitrus inda zai bi."

"Ni dai ban san aikinku ba," in ji ta. "Amma in na ɗinke buhu da zare mara ƙarfi, nakan gaya wa mai ɗauka ya tallabi gindin. Kira ta, ko ka kira Bitrus. Me zai ci maka?"

Na ce ta bar maganar da ba ta shafe ta ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba.

Litinin da safe rana ta fito tas. Bitrus ya zaga yana bubbuga dunduniya kamar yadda ya saba. Ina kallonsa ya doshi kusurwar gabas, sai wani ya kira shi ya duba mai, ya juyo bai kai ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce mini,

"Malam Isiyaku, ƙasarka ta yarda in hau?"

Injiniya tana tsaye kusa da mu da takardunta. Kalma uku sun isa in faɗi abin da na yi. Na ce, "Hau, Bitrus."

A lissafina sai Laraba aikin zai kai kusurwar, kafin nan na san yadda zan yi a dawo da rola. Amma wajen hantsi wata tirelar rodi ta maƙale a ƙofa ta tare titi, 'yan okada masu baburan haya suka taru suna ihu, manaja ya ce in je in warware. Ina can ina fama, ashe an ga wurin da za a fara hudawa bai shirya ba, an ce Bitrus ya fara daga gabas. Abin da na fara ji ba ƙara ba ce, ihun leburori ne. Na waiwaya na ga dogon ƙarfen nan ya karkata, a hankali, kamar yana shawara. Sannan ya tafi gaba ɗaya. Ya faɗa kan rumfar da muke cin abinci ya lotsa ta, Allah Ya sa lokacin hutu bai yi ba, babu kowa a ciki.

Na ruga. Kowa ya ja baya don mai yana tsiyaya, ana tsoron wuta. Ni na shiga, amma ku daina cewa jarunta ce. Na san abin da na yi ne, kuma na gwammace ƙarfen ya danne ni da in tsaya a waje ina kallo. Na tarar da Bitrus a matse, ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin kujera da ƙarfe. Na fasa gilas, wasu mutum biyu suka yi ƙarfin hali suka zo da ƙarfen ɓanɓara, muka zaro shi. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Bai ƙara hawa inji ba.

Kafin manyan kamfani su zo bincike, an kwana biyu ana ruwa, an kuma shigo da injin ɗaga kaya ya tumurmushe wurin. Ƙyallen da na yanke, suka ɗauka sarƙar rigi ce ta yaga shi. 'Yan Nijar ɗin nan uku tun ranar suka ɓace, don ba su da takardu kuma suna tsoron 'yan sanda. An ce an gan su a Ajegunle, daga nan shiru. Aka kira ni ofis, manaja da baƙi biyu a zaune, Injiniya a gefe, idanunta sun kumbura. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce,

"Foman, bayan an sa hannu ranar Juma'a, akwai wanda ya taɓa dandamalin?"

Ta juyo ta dube ni. "Baba, don Allah ka tuna da kyau."

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ko minti biyar ban yi a ɗakin ba. Bayan mako guda aka ce awonta ne bai yi daidai ba, aka sallame ta, kuma a wannan sana'ar in irin wannan magana ta bi sunanka, ta bi ke nan. Ranar da ta zo kwashe kayanta ta neme ni har bakin rumfa, ta rusuna kamar kullum.

"Baba, na gode da ka ciro shi. Da ya mutu, ban san yadda zan yi da raina ba. Wallahi sau biyu na auna kusurwar nan. Ina ta tunani, na kasa gane inda na yi kuskure."

Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ni na riƙe mata jaka har bakin titi.

A unguwa kuwa sai ga ni na zama abin nuni. Mahauta abokan yayana daga mayanka suka zo yi mini barka, liman ya ambace ni bayan sallar azahar. Mahaifiyarku ta dama fura ta kai wa baƙi. Sai da suka watse ta same ni a ɗaki ta tura ƙofa.

"Sun tambaye ka?"

"Sun tambaya."

"Me ka ce?"

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Kai uban 'ya'yana ne, ba zan tona ka ba. Amma yarinyar nan ita ma tana da uwa. Kuma ina roƙonka, kada a ƙara ba da labarin nan ina zaune."

Yanzu ku tuna. Duk lokacin da wani ya ɗauko zancen Ogba, ina take nufa? Madafa. Kuna cewa Inna ba ta son jin labarin jini. Ba jini ba ne. Mun zauna lafiya bayan nan, ba ta taɓa rage mini komai na haƙƙin aure ba, amma akwai wata dariya da takan yi mini a da, in na shigo ina cika baki, wadda ban ƙara jin ta ba.

Na ci gaba da zama foman shekaru masu yawa. Na yi suna da tsanani, har leburori suna ce mini Baba Kar-a-taɓa, don ko ƙaramin rami na gani a dandamali sai an tsayar da aiki an kira injiniya. Inji bai ƙara kifewa a hannuna ba. Na so in ɗauki wannan a matsayin kaffara, amma zuciyata ba ta taɓa karɓa ba. Bitrus kuwa na riƙa janyewa daga gare shi. In ya gan ni sai ya kama hannuna ya gaya wa mutane ga wanda ya cece shi, ni kuma ba na iya ɗauka. Da kaina na daina zuwa, sai aike. Kun ɗauka nisa ne, alhali Abule Egba ga ta nan.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ina ba ta kunu, mahaifiyarku ta riƙe cokalin ta ce, "Malam, ka je wurin Bitrus. Kada ka zo mini lahira da wannan nauyin." Bayan addu'ar arba'in na je. Na same shi a ɗan shagonsa inda yake gyaran janareto, sandarsa a jingine, kansa ya yi fari fat kamar nawa. Ya yi murna, ya sa a kawo ruwa. Na ce ya bar ruwan. Na gaya masa komai, tun daga ruwan Asabar har ofis. Sifana tana hannunsa, ya yi ta juya ta bai dube ni ba.

"Na tambaye ka da safen nan."

"Ka tambaye ni."

"Ka ce in hau."

"Na ce."

"Shekara nawa ina ambaton sunanka a coci. Jikana na fari ma Ishaku muka sa masa saboda kai." Ya ajiye sifanar. "Yau ba ni da abin ce maka, Malam. Ka tafi."

Na tafi. Sai bayan wata biyu, ranar wata Asabar, na ji ƙarar sanda a zaure. Shi ne, ya hawo danfo da ƙafa ɗaya. Sani, kai ka shimfiɗa masa tabarma, ka ɗauka gaisuwar rasuwa ya zo. Da ka fita ya ce,

"Ƙafa dai ta tafi, ba za ta dawo ba. Na yi fushi har na gaji. Nawa na yafe maka. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Yarinyar nan ta zo duba ni a asibiti, da lemo a leda. Na juya mata baya. Na ce ita ta ci ƙafata, ta fita kada in ƙara ganinta. Tana kuka ta fita. Wannan kai ka sa ni, kuma ba ni ke da ikon yafe shi ba."

Mun neme ta, ni da shi, tsofaffi biyu. Kamfanin ya daɗe da rushewa. Mun sami tsohon direban manaja a Ogba, ya ce ya ji ta bar aikin gini gaba ɗaya ta koma garinsu. Wani ya ce a'a, ta fita waje. Sunan mahaifinta ma ba mu sani ba, duk zaman da muka yi ban taɓa tambaya ba. Bitrus ya rasu bara bai gan ta ba.

Ba na rubuta wannan don ku ji tausayina ba, kuma ban hana ku jin haushina ba. Abu biyu nake nema. In za ku ba jikokina labarin Ogba, ku fara daga ranar Asabar. Sannan ku da kuka san hanyar neman mutum a waya, ku ci gaba da nema. Yanzu ta zama dattijuwa, wataƙila da jikoki, wataƙila har yau takan zauna ta yi ta lissafin inda ta kuskure. In kun same ta ina raye, ku kai ni ko a keken marasa lafiya ne. In kuwa na riga na tafi, ɗayanku ya je da kansa, ya durƙusa mata yadda ya kamata in yi, ya ce Isiyaku foman ya ce aikinta ba shi da aibi. Ni na fasa shi da diga, na rufe, aka tambaye ni na ce babu.